Gurnani da Sarƙewa: Tarihin Wata Kalmar Ingilishi da Takwarorinta a Ƙasar Auduga

A cikin kalmomin da kan ba mai fassara wahala akwai kalmar nan ta Ingilishi, snarl. Ƙamus yakan ba ta ma'ana biyu waɗanda ba su haɗa hanya ba: gurnanin kare sa'ad da ya yage baki ya fito da haƙora, da kuma sarƙewar zare ko gashi. Dalili shi ne tun asali kalmomi biyu ne. Ta sarƙewa ita ce babba, ta bayyana a rubuce wajen ƙarshen ƙarni na 14, kuma daga kalmar snare ta fito, wato tarko. Ta gurnani ba ta bayyana ba sai a ƙarshen ƙarni na 16, daga wata tsohuwar kalma mai kwaikwayon sauti. Zamani ne ya sa musu riga ɗaya.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin haushi na kare da haushi na zuciya rubutunsu ɗaya ne, karin sauti kaɗai ya raba su. Haka nan tafiyar da kalma ta yi daga tarko zuwa wata ma'ana tana da 'yar'uwa a Hausa: zarge shi ne igiyar da ake zura wa wuya, daga tushensa kuma aka sami zargi, wato a rataya wa mutum laifi.

Ta fuskar sauti aikin mai fassara ba shi da yawa. Akwai gurnani na kare da damisa, akwai ruri na zaki da sa, akwai ƙugi, sa'an nan gunaguni na ɗan Adam wanda bai iya fito da maganarsa fili ba. Waɗannan duka suna nan da ransu, ko yaro ya san bambancinsu. Inda maganar take shi ne ɓangaren sarƙewa, domin kalmominsa sun yi girma ne a hannun masu kaɗi da masaƙa, kuma wannan sana'a tarihi ya taɓa ta ƙwarai, musamman a yankin Funtuwa da Malumfashi na kudancin Katsina.

Tun kafin zuwan Turawa wannan yanki ƙasar auduga ce. Mace takan gurje audugarta a kan magurji ta fid da angurya, ta shiɓe ta, sa'an nan ta ɗauki mazari da alli ta kaɗa zare, siriri ko kuwa abawa mai kauri. Masaƙi ya karɓa ya yi wadari, ya ɗora a masaƙa. A kowane mataki zare yana iya ɓaci, kuma kowace irin ɓaci da sunanta. Idan zare biyu suka hau juna sun harɗe, abin da yatsa ɗaya kan gyara. Idan suka shiga juna suka riƙe, sun sarƙe, kalmar da ke da dangantaka da sarƙa ta ƙarfe da kuma sarƙaƙiya, ƙayar nan mai kama rigar mai wucewa. In kuwa zaren ya dunƙule har bakinsa ya ɓace, to ya cukurkuɗe, sai a zauna a yi ta laluben bakin zaren kafin a warware. Dagulewa ba ta zare ba ce, ta ruwa ce da aka tayar wa laka, ko da yake yau an gwama su.

A shekarar 1902 masu masaƙun Lankasha suka kafa ƙungiyar noman auduga a Mancesta, wadda Hausawa suka sani da Bisije. Bukatarta ita ce auduga ta tafi Ingila ɗanya. Aka kawo irin Amurka da ake kira Alan wajen 1912, aka buɗe gonar iri a Daudawa, aka kafa injunan gurza a Funtuwa da Malumfashi, jirgin ƙasa kuma ya iso Funtuwa daga Zariya a ƙarshen shekarun 1920. Amma fa mazari bai faɗi nan take ba. An daɗe masu saye don kaɗi da saƙa suna ba manomi kuɗin da ya fi na fuloti, abin da ya dami Turawan ciniki ƙwarai. Abin da ya ci ƙarfin kaɗi a hankali shi ne zaren kanti da yadi mai araha, daga waje da farko, daga baya kuma daga masaƙun Kaduna, wadda ta farkonsu ta fara aiki a 1957. Ita ma Funtuwa ta sami tata masaƙar a ƙarshen shekarun 1970. Da aka rushe hukumar cinikin auduga a 1986, noman kansa ya ja baya, masara da waken suya suka karɓe gonaki da yawa.

To, kalmomin ba su mutu tare da sana'ar ba, sai dai sun yi ƙaura daga hannu zuwa baki. Har yau ana cewa shari'ar gado ta sarƙe, siyasa ta cukurkuɗe, dattawa sun gano bakin zaren, an warware matsala. Mai faɗin haka sau da yawa bai taɓa riƙe mazari ba, don haka ba ya jin cewa harɗewa ƙarama ce, cukurkuɗewa babba. Ƙamusun Bargery na 1934 an tattara shi lokacin da ake kaɗi a kusan kowane gida. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ya fito bayan taskira ta koma kan rumbu. Wanda ya nemi waɗannan kalmomi a tsakaninsu ya kamata ya tuna da wannan tazara ta shekara 72.

Illar abin tana fitowa a aji da ɗakin labarai. Ɗalibin da ya ci karo da snarl a kan cunkoson motoci a mararrabar Funtuwa ran kasuwa yakan rubuta rikici, ya wuce, alhali ba wanda ya yi faɗa da wani. Motoci ne suka sarƙe. Rikici ta zama buhun da ake zuba kome a ciki. Tsofaffin da suka yi kaɗi da hannunsu suna nan a ƙauyukan Bakori da Ƙafur da Ɗanja, kuma su ne za su iya nuna wa mai bincike, da zare a hannu, inda harɗewa ta ƙare sarƙewa ta fara.