Ayyukan Lambun Gida a Farkon Bazara

Kamar yadda jama'a suka sani, bazara tana kamawa ne daga watan Maris, bayan hunturu ya janye, inda zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu a yawancin jihohin Arewa. Mutane da dama suna ɗaukar wannan lokaci a matsayin na hutun lambu. A ganinmu wannan kuskure ne, domin a cikinsa ake gyara ƙasar da za ta wadata gida da kayan miya har zuwa kaka.

Aiki mafi muhimmanci shi ne haɗa taki. A haƙa rami a inuwa, a riƙa jera kashin dabbobi da busasshen ganye da ɗan toka, ana yayyafa ruwa, sannan a juya shi duk bayan mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai ruɓe ya yi baƙi, daidai da saukar damina. Ɗanyen taki daga turke, musamman kashin kaji, yana ƙone saiwar shuka, kuma na shanu da awaki yakan zo da irin ciyawa. Saboda haka muna jan hankalin masu share lambu da su daina banka wa shara wuta. Abin da suke ƙonewa shi ne abincin ƙasar, ga kuma haɗarin gobara a wannan lokaci na iska da busasshiyar danga.

Game da abin da ke lambu yanzu, tumatir yakan zubar da fure idan zafi ya tsananta, don haka ba a sabon dashensa sai an kusa damina. Alayyafo da kuɓewa da rama sun fi jure zafi matuƙar suna samun ruwa. A yi ban ruwa da sassafe ko da yamma, a rufe kwami da busasshiyar ciyawa don danshi ya daɗe, amma kada ciyawar ta taɓa gindin shuka saboda gara. Zogalen da ya yi tsawo a sare shi daidai mita 1, zai fito da rassa masu yawa.

Haka kuma ya kamata a gwada irin da aka ajiye. A ɗauki ƙwaya 20 a naɗe cikin jiƙaƙƙen ƙyalle na tsawon mako guda. Idan rabi bai tsiro ba, a nemi wani tun kafin ya yi tsada.

Ruwan farko yakan yaudari mai gaggawa, domin sau da yawa fari yana biyo bayansa. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen saukar damina a farkon kowace shekara. Muna roƙon dagatai da masu unguwanni da malaman gona na ƙananan hukumomi su isar da shi ga jama'a, su kuma tunatar da su gyaran danga, tunda har yanzu awaki a sake suke.