PhET da gwajin kimiyya a kan allo: abin da yake iya yi wa ajin da ba shi da labo

A koleji da lise da yawa na ƙasar Nijar, ɗalibi yakan kai ga jarrabawar BEPC, wani lokaci har ga Bak, bai taɓa riƙe ma'aunin wutar lantarki da hannunsa ba. Ya san zanen pil da na ƙwan fitila a kan allo, ya haddace U = R × I, amma idan aka miƙa masa wayoyi biyu aka ce ya kunna ƙwan, sai ya tsaya yana kallo. Wannan giɓin ne manhajojin gwaji na kwamfuta suke ƙoƙarin cikewa, kuma wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce PhET.

Asalinta

An kafa PhET a shekara ta 2002 a jami'ar Colorado da ke garin Boulder na Amurka. Wanda ya kafa ta shi ne Carl Wieman, masanin fizik da ya samu kyautar Nobel a 2001, ya kuma zuba wani kaso na kuɗin kyautar a cikin aikin. Da fizik kaɗai aka fara, daga baya aka ƙara shimi, ilimin halittu, ilimin ƙasa da lissafi. Yau gwaje-gwajen sun haura 100, kyauta suke a shafin intanet na jami'ar, kuma an fassara su zuwa harsuna masu yawa. Faransanci na ciki, abin da ya sa malamin Nijar ba ya buƙatar ya bi ta Ingilishi kafin ya yi aiki da su.

PhET ba bidiyo ba ce da ake zama a kalla. Kowane gwaji ƙaramin fili ne da ɗalibi yake taɓawa, ya jawo kaya, ya canza adadi, ya ga abin da zai biyo baya nan take.

Yadda take aiki a darasin lantarki

Gwajin haɗa da'irar lantarki shi ne misali mafi sauƙi. A gefen allo akwai pil, waya, ƙwan fitila, makunni, da rezistans, wato abin da ke tauye gudun wuta. Ɗalibi yana jawo su da yatsa ya haɗa. Idan ya sa pil mai bolt 9 da rezistans mai om 10, ma'auni zai nuna amfiya 0,9. Ya mai da shi om 20, wutar ta sauko zuwa 0,45. Ya sake gwadawa sau uku ko huɗu, sai dokar Ohm ta fito daga lambobin da shi da kansa ya rubuta, ba daga bakin malam ba.

Akwai abu biyu da allon yake yi waɗanda labo na gaske ba ya iyawa. Na farko, yana nuna abin da ido ba ya gani: ana ganin elektron suna tafiya cikin waya kamar jerin tururuwa. Yara da yawa suna zaton ƙwan fitila yana shanye wutar ne, ta yadda wadda ke komawa pil ba ta kai wadda ta fita ba. Da sun ga jerin yana shiga ƙwan yana fita da yawa ɗaya, zaton ya rushe. Na biyu, kuskure ba ya cin kuɗi. Idan ɗalibi ya haɗa bakin pil biyu da waya kai tsaye, pil ɗin yana kama wuta a kan allo, aji ya kwashe da dariya, a danna a sake. A labo na gaske, wannan kuskuren yana iya zama ƙarshen kayan da makaranta ta daɗe tana tattali.

Wani bincike da aka buga a 2005 a jami'ar ta Colorado ya gwada rukuni biyu na ɗalibai, ɗaya da kayan gaske, ɗaya da wannan manhaja. Masu manhajar sun fi amsa tambayoyin fahimta, kuma da aka ba kowa kayan gaske sun fi saurin haɗa da'irar. Sai dai ɗaliban jami'a ne a Amurka, waɗanda suka girma cikin kayan lantarki, kuma masu binciken na gidan ne. Ba za a ɗauki sakamakon a ɗora shi kai tsaye a kan ajin 4e na Dakoro ko Mirriya ba.

Batun intanet da wuta

Tambayar da kowane darakta zai fara yi ita ce kuɗin intanet. Galibin gwaje-gwajen PhET ana sauko da su sau ɗaya ne, kowanne a matsayin fayil guda na ƴan mega kaɗan, sannan ya buɗe a waya ko kwamfuta ba tare da intanet ba. Malami ɗaya da ya je Maraɗi ko Damagaram ya sauko da su zai iya raba wa abokan aikinsa ta kile USB, katin memori ko Bluetooth, kamar dai yadda waƙoƙi da wa'azi suke yawo daga waya zuwa waya. Akwai kuma Kiwix, manhajar da aka fara a 2007 domin karanta Wikipedia ba tare da intanet ba. A cikin rumbunta akwai tarin PhET na Faransanci.

Wuta ce babbar matsala. Majigi ba ya tashi sai da lantarki, kuma a ajin zana hasken rana yana wanke hoton ko da wutar ta samu. Inda babu layin NIGELEC, faifan hasken rana ɗaya da batir sun isa su yi cajin kwamfutar hannu da wayoyi kaɗan. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar da babbar jami'arta ke ɗauke da sunan Abdou Moumouni, masanin fizik da ya ƙarar da rayuwarsa a binciken makamashin rana.

Wayar kanta ma'auni ce

Kusa da PhET akwai phyphox, wadda jami'ar RWTH ta garin Aachen a Jamus ta fitar kyauta a 2016. Ita ba kwaikwayo take yi ba, awo take yi na gaske da na'urorin da ke cikin waya. Da wayoyi biyu da tafi biyu ana auna gudun sauti a filin makaranta. A ajiye wayoyin da tazarar da aka auna, misali mita 5. Tafin farko a kusa da waya ta ɗaya yana tada agogon kowacce a lokacin da ƙarar ta iso mata, tafi na biyu a kusa da waya ta biyu ya tsayar da su. Bambancin lokutan biyu shi ne lokacin da sauti ya ɗauka ya yi tazarar sau biyu. Littafi yana cewa kusan mita 340 a daƙiƙa, amma wannan na iska mai sanyi-sanyi ne. A zafin Tawa na watan Afirilu, da ma'auni ya kai digiri 40, gudun yana kusan 355, kuma aji mai lura zai iya tambayar dalili. Wasu gwaje-gwajen, kamar na lilo, suna buƙatar na'urar da ƙananan wayoyi masu araha ba su da ita, don haka gara malami ya gwada tasa a gida kafin ya shiga aji.

Inda take gazawa

Rahoton UNESCO na 2023 a kan fasaha da ilimi ya kawo misalin ƙasar Peru, inda aka raba kwamfutocin hannu sama da miliyan ɗaya ba tare da an saka su cikin tsarin koyarwa ba, kuma karatun bai ƙaru ba. Haka abin yake a ƙaramin aji. Idan malami ya riƙe kwamfuta shi kaɗai yana dannawa, ɗalibai 70 suna kallo, to allon baƙi ne aka yi wa fenti. Abin da ya fi amfani shi ne a fara da tambaya: idan aka ƙara ƙwai na biyu a jere, hasken zai ƙaru ko zai ragu? Kowa ya rubuta amsarsa a kaye, a ƙirga hannuwa, sannan a kira ɗaliba ɗaya ta zo ta gwada.

Kuma duniyar allo ta fi ta gaske tsabta. A can waya ba ta yin tsatsa, pil ba ya mutuwa da kansa, kuma kowane awo yana ba da lamba ɗaya ko sau goma aka maimaita. Ɗalibin da bai san komi ba sai wannan zai ɗauka kimiyya ba ta da kuskuren awo, alhali rabin aikinta ke nan. Shi ya sa darasin lantarki ya fi kama jiki idan bayan allon aka fito da pil ɗin tocila biyu, ƙaramin ƙwai da guntun waya daga wajen mai gyaran rediyo, aka ce kowane rukuni ya haɗa abin da ya gani. Sau da yawa ƙwan ba ya kamawa a karon farko, sai an kankare bakin wayar.