Sule Biyar: Tarihin Wani Fushi a Sabon Gari da Samaru

Wanda ya shiga mota a kasuwar Sabon Gari, ya bi ta Kwangila da Palladan har ya sauka a babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, gajeriyar tafiya ya yi. Amma tsakanin waɗannan wurare biyu akwai tarihin kusan shekara arba'in na mutanen da suka dubi idon masu mulki suka ce musu ba su faɗi gaskiya ba. Akwai kuma tarihin amsar da aka riƙa ba su, wadda ba ta cika sauyawa ba, ko rawani ne a kan mai mulkin ko hular soja: a ƙyale abin da ya jawo fushin, a kama wanda ya fusata.

Sabon Gari ce ta fara. Unguwa ce da ta tashi a gefen layin dogo, ta tara leburori da 'yan kasuwa da baƙi daga ko'ina, mutanen da ba su gaji durƙuso a ƙofar fada ba. A zamanin En'e, haraji da jangali da 'yan doka da kotun alƙali duk a hannu ɗaya suke, don haka talakan da aka zalunta sau da yawa wurin wanda ya zalunce shi zai kai ƙara. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ba ta sha wahalar samun masu saurare a nan ba. Cikinsu har da wata yarinya mai suna Hajaratu, wadda aka haifa a 1933, duniya kuma ta san ta da Gambo Sawaba. Ta jagoranci matan jam'iyyar, ta yi magana a kan auren dole da aikin tilas da hana matan Arewa jefa ƙuri'a. Sakamakonta duka ne da gidan yari, har masu ba da tarihinta sukan ce sau goma sha shida aka ɗaure ta. A duk waɗannan shari'o'i ita ce a gaban alƙali, ba abin da ta yi kuka a kansa ba. Yau babban asibitin Ƙofar Gayan sunanta yake amsawa, domin hukuma ta fi iya girmama mai tsiwa bayan ya yi shiru.

Da aka buɗe jami'a a Samaru a watan Oktoban 1962, fushin ya sami sabon masauki, ya kuma sami littattafai. Ɗaliban shekarun 1970 sun ga lokacin da kuɗin man fetur ya kwararo. Sun ga badaƙalar siminti ta 1975, lokacin da ɗaruruwan jiragen ruwa suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas ana biyan su kuɗin jira. Sun ga abin da aka kashe a bikin FESTAC a farkon 1977. Ana nan sai ga sanarwa a 1978 cewa aljihun gwamnati ya yi rauni, saboda haka kuɗin abincin ɗalibi na yini zai tashi daga naira ɗaya da sule biyar zuwa naira biyu.

Mai karatu na yau zai iya yin murmushi, ya ce a kan sule biyar? Ai ba girman kuɗin ne ya ƙona rai ba. Abin da ya ƙona rai shi ne, waɗanda suka yi facaka da dukiyar ƙasa jiya su ne suka waiwayo yau suna yi wa ɗan manomi wa'azin tsimi. Ga shi kuma an rasa mai ɗaukar alhakin ƙarin: hukumar kula da jami'o'i ce ta sanar, Kwamishinan Ilimi na Tarayya Kanar Ahmadu Ali kuma ya nuna cewa daga Majalisar Ƙoli ta Soja hukuncin ya fito. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, a ƙarƙashin Segun Okeowo, ta kira ƙaurace wa azuzuwa, taken kuwa shi ne dole Ali ya sauka. Ranar 18 ga Afrilu 'yan sanda suka harbe ɗalibi Akintunde Ojo a Legas. Da labarin ya iso Zariya ɗalibai suka fito, gwamnatin Janar Obasanjo kuwa ta tura musu sojoji. Aka buɗe wuta, aka zubar da jini a Samaru fiye da yadda aka zubar a Legas.

Aka kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Usman Mohammed. Abin da ya biyo baya shi ne haramta NUNS, da korar Okeowo daga jami'a, da sallamar wasu malamai a Ibadan da Legas. Shugaban jami'ar Samaru, Farfesa Iya Abubakar, shi ma ya bar kujerarsa. Sule biyar ɗin kuwa ta zauna daram.

Shekara takwas bayan haka, a watan Afrilun 1986, ɗaliban Samaru suka yi jerin gwano don tunawa da waɗanda aka kashe. Dole a dubi yanayin da ƙasa take ciki a lokacin. Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki a Agustan 1985 da alkawarin kare haƙƙin ɗan Adam, ya kuma ce jama'a su yi muhawara a kan ko a karɓi bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Malaman Samaru, irin su Dakta Yusufu Bala Usman, suna kan gaba cikin waɗanda suka ce a'a. A watan Disamba gwamnati ta ce ta ji, ba za ta karɓa ba. Kafin tsakiyar shekarar da ta biyo baya ta wuce, sai ga shirin SAP ɗauke da sharuɗɗan da aka ce an ƙi: karya darajar naira, rage tallafi, sayar da kamfanonin gwamnati. An kori baƙo ta ƙofar gida, an shigo da kayansa ta katanga. A tsakanin alkawarin da saɓa shi ne rikicin Samaru ya faɗo.

Jerin gwanon ya ratsa ta ɗakin kwanan mata na Amina, inda dokar jami'a ta hana maza shiga. A kan wannan ne hukumar jami'a, ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi, ta hukunta shugabannin ɗalibai da kora da dakatarwa. Ba na cikin masu cewa dokar ba ta da amfani, ko kuwa ɗalibai ba su da nasu laifin. Amma a ce taron tunawa da matattu ya ƙare da tuhumar wane ne ya taka wace ƙofa, wannan ya nuna inda hankalin masu iko yake. Ɗalibai suka ce ba su yarda ba, taken 1978 ya dawo da sabon suna, aka ce dole Ango ya sauka. Ranar Juma'a 23 ga Mayu, cikin watan azumi, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga harabar jami'a da harsashi mai rai. Hukuma ta ce mutum huɗu ne suka mutu, har da ɗaliba mace. Ɗalibai suka ce adadin ya wuce haka nesa ba kusa ba. Ko da an tsaya a kan lissafin hukuma, gida huɗu ne aka yi wa ta'aziyya saboda rigimar da zama ɗaya a ofis zai iya kashewa.

Wutar ta bazu zuwa sauran jami'o'i, aka rufe da dama. Ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa ta shirya zanga-zangar nuna alhini ranar 4 ga Yuni, aka kama shugabanninta kafin ranar ta zo. Ministan Ilimi a lokacin shi ne Farfesa Jibril Aminu, wanda shi ne sakataren hukumar kula da jami'o'i a 1978. Kwamitin da aka naɗa ya binciki abin da ya faru a Samaru, ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye mai ritaya, ya bar wa tarihi magana guda da har yau ake tunawa: wai akwai malaman da ba sa koyar da abin da ake biyan su su koyar. Wato an tambayi wane ne ya harba, sai aka amsa da wane ne ya koyar.

Ango Abdullahi ya bar shugabancin jami'a a wannan shekarar, amma farautar malamai ta ci gaba. A 1988 jami'an tsaro suka ɗauke Dakta Patrick Wilmot, malamin nazarin zamantakewa ɗan asalin Jamaika, suka saka shi a jirgin Landan. A 1989 aka kori Bala Usman daga aiki, sai da kotu ta mayar da shi.

Gambo Sawaba ta rasu a watan Oktoban 2001. A 2005, Obasanjo yana shugaban ƙasa na farar hula, Ahmadu Ali ya zama shugaban jam'iyyar PDP mai mulki. A watan Satumban wannan shekarar Bala Usman ya rasu a Zariya.