Kowane Shiri da Takensa: Tarihin Kiɗan da Ya Shigo Falukanmu

Duk wanda ya zauna gaban talabijin a Maiduguri tsakanin 2004 da 2017 zai tuna shirin Who Wants to Be a Millionaire, wanda Frank Edoho yake gabatarwa, MTN ta ɗauki nauyinsa, NTA tana yaɗawa. Ko kana tsakar gida, da kunnenka ya tsinci kiɗan nan ka san an fara.

Ba a Legas aka tsara kiɗan ba. Shirin ya samo asali ne a Ingila, a tashar ITV, a 1998, kuma uba da ɗansa, Keith da Matthew Strachan, su suka tsara sautukansa. Kamfanin Celador mai shirin ya riƙa sayar wa ƙasashe izinin yin nasu, amma ba suna kaɗai ake saya ba: har da kiɗan, da fitilu, da fasalin zauren. Shi ya sa lokacin da Amitabh Bachchan ya fara na Indiya a 2000, kiɗan nan dai aka ji.

Kowane sauti da aikinsa. Akwai na buɗe shiri, na amsar ƙarshe, na dacewa da na faɗuwa. Ƙarƙashin tambayoyin kuma akwai wani mai kama da bugun zuciya, wanda ke ƙara hawa yayin da kuɗin ke ƙaruwa. Da Aroma Ufodike ya ci naira miliyan 10 a 2009, kiɗan nasarar da aka tsara a Ingila shi ya tashi.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Take muke ce mata. Sarki da takensa, ɗan dambe da nasa, manomi ma da nasa, kuma ba a kaɗa wa wani taken wani. A fadar Shehun Borno, algaita da ganga kan sanar da fitowar Mai Martaba tun ido bai gan shi ba.

Bambancin kawai shi ne su sun rubuta nasu, sun yi masa rajista, suna cin moriyarsa. Mu namu yana kan tsofaffin makaɗa, tsoho in ya tafi kuwa da takensa yake tafiya. Idan ƙungiyarmu za ta shirya gasar kacici-kacici ta ɗalibai, kada mu kwaso kiɗa daga intanet. Mu nemi mabushin algaita na unguwa, mu biya shi haƙƙinsa, mu naɗa, mu adana. Allah Ya sa mu dace.