Bulokcen: wa ke da ikon rubuta shafi na gaba?

Kalmar bulokcen ta yi yawa a bakin matasa masu harkar kuɗin intanet irin su Bitcoin. Yau za mu duba ƙashin bayan tsarin: yadda kwamfutoci masu yawa ke amincewa da magana guda.

Mene ne bulokcen?

Mu ɗauki adashe. Uwar adashe ke riƙe da littafi, ita ke rubuta wanda ya zuba da wanda ya kwasa. Bulokcen littafi ne irin wannan, amma babu uwar adashe. Kowace kwamfuta da ke cikin tsarin tana da kwafinsa, kuma kowane shafi na ɗauke da hatimin wanda ya gabace shi, in an taɓa ɗaya sai a gane. To wa zai rubuta shafi na gaba? Me zai hana mutum kashe kuɗi ɗaya sau biyu? Ƙa'idar da ke amsa wannan ita ce hanyar cimma matsaya. Manyansu uku ne.

1. Shaidar aiki

Ita ce ta Bitcoin, wanda ya fara aiki ranar 3 ga Janairu 2009. Injuna na gasar warware wani lissafi, wadda ta riga ita ke rubuta shafi ta karɓi lada. Wannan ne matasa ke cewa mainin. Shafi na fita kusan kowane minti 10. Mai son maguɗi sai ya tara fiye da rabin ƙarfin injunan baki ɗaya, abin da ke da tsadar gaske a babban tsari. Amma ƙarami ba ya da wannan garkuwa: an kai wa Ethereum Classic irin wannan hari a Janairu 2019, aka sake a Agusta 2020. Ga shan wuta, don Bitcoin na cin lantarkin da ya wuce na wasu ƙasashe. Ga kuma nawa, ciniki kusan 7 ne kawai a daƙiƙa.

2. Shaidar jingina

A nan ba gasar injuna. Mai son rubuta shafi zai ajiye kuɗinsa jingina, tsarin ya riƙa zaɓo mutum ɗaya kamar an jefa ƙuri'a, sauran su tabbatar. Wanda aka kama da ha'inci, a yanke masa jinginar. Ethereum ya koma wannan hanya ranar 15 ga Satumba 2022, wutar da yake sha ta ragu da fiye da kashi 99 cikin 100. A can ana ajiye Ether 32, kuma ana ba da damar sabon shafi duk daƙiƙa 12. Aibinta shi ne wanda ya fi jingina ya fi samun dama, iko na iya taruwa hannun masu kuɗi.

3. Sanannun wakilai

Wannan ta waɗanda suka san juna ce, kamar bankuna ko ƙungiyoyi. Ba kowa ke shiga ba sai da izini, kuma wakilai ƙalilan ke sa hannu. Tun 1982 masana uku, Lamport da Shostak da Pease, suka nuna cewa irin wannan taro zai iya tsira matuƙar maha'inta ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Wato cikin wakilai 10, ana iya jure 3. Tana da sauri, ba ta cin wuta sosai. eNaira da babban bankin Nijeriya ya ƙaddamar ranar 25 ga Oktoba 2021 tsarin izini ne, an gina shi bisa Hyperledger Fabric. Sai dai yarda ta sake komawa hannun wasu mutane, in sun haɗa baki an shiga uku.

Yaya ake zaɓe?

Tambayar farko: masu riƙe littafin sun san juna? In baƙi ne daga ko'ina, dole mai ha'inci ya san zai yi asara, ko ta kuɗin wuta ko ta jingina. In sanannu ne da za a iya kai wa ƙara, hanya ta uku ta isa.

A ce manoman albasar Galmi da masu manyan motoci da dillalan Akkara na son littafi guda na buhunan da aka ɗora da kuɗin da aka biya. Sun san juna, suna son sauri, ga wuta na yawan ɗaukewa. Shaidar aiki ba tasu ba ce, sanannun wakilai ta fi dacewa. Kai, in ma akwai mutum guda da kowa ya yarda da shi, littafin ajiya na kwamfuta ya wadatar, ba sai an kira bulokcen ba.

Wannan ya shafi aljihunmu. Danna salula safe da yamma ba shi ne mainin ɗin Bitcoin ba, wancan aikin injuna ne na musamman. Kafin ku zuba kuɗi a wani sabon tsari, ko ku aiko ma na gida su zuba, ku yi tambaya biyu: su wa ke rubuta shafin, kuma me za su rasa in sun yi ƙarya? In mai tallar ya kasa amsawa, ku riƙe kuɗinku.