Mataimakin Aikatau: Daga Nahawun Turai zuwa Nahawun Hausa

A harshen Holanci, aikatau biyu kan haɗu su gina jimla ɗaya. Idan Baholande ya ce "Ik heb brood gekocht", wato "na sayi burodi", kalmar "heb" ce mataimakin aikatau. Ita ke ɗauke da lokaci da mai aikatawa, kuma tana zuwa a gurbi na biyu. Babban aikatau, "gekocht", sai a ƙarshen jimla. Aikatau na motsi kamar "komen" kuwa yana ɗaukar wani mataimakin: "Ik ben gekomen", na zo. Haka tsarin yake a Jamusanci, Faransanci ma yana da irin waɗannan mataimaka biyu.

Da irin wannan ma'auni Turawan farko suka tunkari Hausa. J. F. Schön, Bajamushe, ya fitar da nahawunsa a 1862. Jamusawa sun kama Garwa a 1901 da Marwa a 1902, kuma a 1902 ɗin ne Adam Mischlich ya buga littafin koyon Hausa a Berlin, domin mulkinsu a Togo da Kamaru na bukatar harshen fatake.

Matsalar ita ce Hausa ba a nan take ajiye lokaci ba. A "na saya", "ina saye" da "nakan saya", lamirin da ke gaban aikatau shi ke nuna mutum da lokaci. Fulatancin da ake ji a Garwa da unguwar Dougoï ta Marwa ya bi wata hanyar dabam, ta ɗafa-ƙeya: "mi yahi", na tafi, "mi yahan", zan tafi.

F. W. Parsons ya tsara aikatau na Hausa a giredi bakwai a 1960, bisa karin sauti da wasalin ƙarshe. M. K. M. Galadanci ya fitar da nahawunsa a 1976. Paul Newman, wanda ya yi aiki a Kano kafin ya koyar a Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, ya buga babban nahawunsa a 2000. A waɗannan ayyuka an auna Hausa da tsarinta.

Wannan bai nuna cewa Hausa ba ta da mataimakan aikatau ba. Akwai "riƙa", "dinga", "taɓa", "fara" da "ƙara", waɗanda sunan aiki ke biyo bayansu: "ya riƙa zuwa", "ta taɓa gani". Har "za" ta lokaci mai zuwa tana da tushe ɗaya da "za" ta "za ni Kano". Saboda haka ɗalibin da ya fara karatu da Faransanci a arewacin Kamaru ya kamata ya lura: a "sun fara aiki", "sun" ke nuna lokaci, "fara" kuma farkon aikin kawai take nunawa.