Daga kanwar Mangari zuwa abincin tarwada

A ƙarshen 1852 Heinrich Barth ya ratsa ta Mirriya zai shiga Zinder, ya fito ne daga ƙasar Muniyo mai tafkunan kanwa. A lokacin kanwa babbar haja ce. Fatake kan loda wa jakuna da takarkarai kanwar Muniyo da gishirin Mangari, su bi ta Damagaram har Kano. Wani kason na tukunya ne, amma mai yawa na dabbobi ne: a jiƙa wa doki, a ba shanu su lasa. Makiyayi bai san sunan sinadarin ba, ya dai san ciyawa kaɗai ba ta isa, ya kuma san in kanwa ta yi yawa dabba zawo za ta yi.

Na kawo wannan ne saboda abin da ke shigowa kiwon kifi. Masu bincike na mayar da zinki da ƙarfe da seleniyom ƙwayoyin da ba su wuce nanomita 100 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), su zuba a abincin karfasa da tarwada. Hanji ya fi saurin tsotse su, a gwaje-gwaje da dama kifin ya fi girma da jure cuta.

Damuwata awo ne. Tazarar da ke tsakanin seleniyom mai amfani da mai guba ƙanƙanuwa ce, yana kuma taruwa a hantar kifi da tsokarsa. Kanwa ana ganinta a tafin hannu. Wannan kuwa sai ɗakin gwaji, kuma soyayyen kifin a bakin makaranta yaranmu ke saye.